Yadda na zaɓi zobban safar hannu na busasshiyar rigar nutso daga Akra

Masu aikin nutso a cikin 'yan zango ba mu da yawa, kuma kusan dukanmu a ruwan ɗumi muka koyi sana'ar, tsakanin Tema da Takoradi a gaɓar Ghana, inda teku ke zama wajen digiri 27 zuwa 29 yawancin shekara. Siririyar rigar niyofirin, wato roba mai laushi kamar soso, ta ishe mu, safar hannu kuwa ta leburori ce, don kawai kada ƙwanson da ke manne a gindin jirgi ya yanke ka. Saboda haka ranar da aka ce wa ɗayanmu ya zo da busasshiyar riga, wadda ruwa ba ya shiga cikinta sam, haɗe da safar hannu ita ma busasshiya, zai zaga unguwannin Nima da Mamobi na Akra bai sami wanda zai tambaya ba. Abin da ya same ni ke nan da kamfaninmu ya sa sunana cikin waɗanda za su je ƙarin horo a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Na rubuta yadda abin ya gudana daki-daki don wanda zai biyo baya ya rage zirga-zirga.

Takardar kayan da makarantar ta turo ba ta ja zance a kan hannu ba, cewa kawai aka yi a zo da abin da zai kare shi daga sanyi. Ruwan gefen Atilantika na can, saboda igiyar ruwa ta Benguela da ke taso da ruwan ƙasa, yakan yi wasa tsakanin digiri 10 zuwa 14, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Ɗan yawon buɗe ido zai iya daurewa da jiƙaƙƙiyar safa na ɗan lokaci ya fito. Mu aikinmu na yatsu ne: ɗaure noti, kwance igiya daga farfela, riƙe sifana. Yatsa in ya sandare aiki ya tsaya, har buɗe bawul ɗin iskar ko-ta-kwana sai ya zama jan aiki. Rigar dai ina da ita, na saye ta hannu a wurin wani Bature da ya gama kwangila zai koma gida. Da na shiga intanet neman safar da za ta dace da ita, sai na tarar ashe tsari ne guda ake saya: zobe a hannun riga, zobe a bakin safa, da hanyar da biyun ke kama juna. Sunaye kuwa birjik, ga SI TECH da Waterproof na Suwidin, ga Santi na Folan, ga DUI na Amurka, ga Kubi, ga Rolock, kowanne da masu rantsuwa da shi da masu kushe shi. Kaina ya ɗau zafi, na naɗe rigar na sa a jaka.

Akwai wani dattijo a Tema da ya yi shekaru yana nutso a ruwan arewacin Turai kafin ya dawo gida, yanzu shi ke duba mana kayan numfashi. Baba muke ce masa. Na hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da sassafe, na tarar ya fita da kwalekwale, sai bayan la'asar ya dawo. Muka gaisa, na ciro waya na fara jero masa sunayen kamfanoni, ya ɗaga min hannu. "Ɗana, ajiye wayar nan, miƙo min hannun rigar." Ya juya shi ciki da waje, sannan ya yi min bayanin da da na ji shi tun farko da ban ɓata dare ina karatu ba. Robar da ke matse wuyan hannu iri uku ce. Akwai lateks, wadda ake liƙa wa riga kai tsaye da gam. Akwai silikon, wadda gam ba ya kama ta, dole sai an riga an dasa zobe a rigar sannan a maƙala ta. Akwai kuma niyofirin, wadda yawancin zobba ba sa zama a kanta da kyau. In rigarka ta zo da zobe daga masana'anta, an riga an rage maka zaɓi: mai zoben SI TECH ɗin nan mai siffar ƙwai zai duba irin su Antares ko Ultima ta Waterproof da aka ƙera don shi, mai rigar DUI da zoben ZipSeal kuma safar gidansu zai nema. Tawa lateks ce a liƙe, babu zobe ko ɗaya, don haka hanya biyu ce a gabana: ko zoben da ake ɗamewa a kan lateks ɗin ba tare da gam ba, ko a yanke bakin hannun a liƙa zobe na dindindin.

Kafin mu je ga wannan, Baba ya ja robar hagu ya ɗaga ta ga haske. Ta fara danƙo, kuma gefenta ya yi ƙananan tsagu. Ya ce ko wane zobe na sayo, wannan ba za ta ɗauki nauyinsa ba, sai an canza duka biyun. A nan ya daɗe yana magana, kuma na ga ya kamata in daɗe ni ma, don wannan ne abin da Turawan da ke rubutu a intanet ba sa fama da shi kamar mu. Zafi, hasken rana, da mai, su ne maƙiyan lateks, kuma Akra tana da ukun a wadace. Rigar da za ta shekara lafiya a ɗakin ajiya na ƙasar sanyi, in ka rataye ta a ɗakin kwano kusa da janareta, robarta za ta narke maka tun ba ka shiga ruwa da ita ba. Ya kalli hannuna ya ce, "Kuma man kaɗen nan da basilin da kuke laftawa da hunturu, ka wanke shi tas kafin ka taɓa robar." Hoda marar ƙamshi kaɗai ake barbaɗa mata.

Zama na gaba na awon hannu ne. Baba yana da akwatin tsofaffin zobba, wasu nasa, wasu na abokan aiki da suka bar masa. Ya hana ni gwada su da hannu tsirara, sai da na sa safar ulu mai kauri, domin da ita za a shiga ruwa, kuma zoben da hannu ke wucewa cikin sauƙi babu ita yana iya tokarewa a gaɓoɓin yatsu in an sa ta. Zobban Kubi, misali, girma huɗu ne: milimita 70, 80, 90 da 100. Hannuna ya ƙi 70, ya wuce 80 in na lanƙwasa babban yatsa ciki, 90 kuwa har da sarari. Zuciya za ta so mai sarari, amma ƙaton zobe a wuyan hannu yana da nasa haraji. Yana saƙalewa a igiya, yana hana ka zura hannu tsakanin ƙarafan ramin shan ruwa na jirgi, kuma yana takura ka in za ka kai hannu bayan wuya. Masu siffar ƙwai sun fi kwanciya a hannu, sai dai dole ka daidaita fuskarsu kafin su shiga, zagayayye kuwa ta kowace fuska ya zo daidai ne.

Hanyar kamawa ita ma iri-iri ce, kuma na gwada abin da ke akwatin. Mafi tsufa ita ce wadda ake jan bakin safar roba a kan zoben riga kai tsaye, babu wani abu mai motsi, babu abin karyewa, amma sa ta biyu da hannun da ya riga ya sa safa sai da taimako. Akwai ta dannawa, inda zoben safa ke shiga cikin na riga, siririn zoben roba da makanikai ke kira orin ya toshe tsakaninsu, kamar murfin kular abinci mai roba a baki. Akwai ta murɗawa irin ta Rolock, wadda ake juyawa ta kulle, da kuma masu 'yan haƙora na filastik da ke yin ƙas in sun kama. Gwajin da Baba ya sa ni shi ne in sa duka biyun in cire ni kaɗai, yana zaune ya harɗe hannu. Dalilinsa mai ƙarfi ne: mutumin da ke cikin busasshiyar riga a kan jirgi da rana tsaka a Tema dahuwa yake yi, duk mintin da ya ɓata yana jiran wani ya sa masa safa gumi yake tarawa, kuma gumin nan shi ne zai zama sanyi a ƙasa. A ganina masu kullewa suna ba da kwanciyar hankali ga wanda ke tsoron safa ta fice, amma wurin aikinmu yashi ne da laka da tsatsa, kuma duk abin da ke da ƙananan sassa masu motsi yana son wanki da kula fiye da yadda nake da lokaci. Na tsaya a kan zagayayyen zoben alminiyom na dannawa, milimita 80, wanda ake ɗamewa a kan lateks ba gam. Babban abin da ya ja ni shi ne, yana karɓar kusan kowace doguwar safar roba, in ta yage ba sai na jira jirgi daga Turai ba.

Saye ya ɗan ja ni. Ban sami mai sayar da su a Akra ba, sai wani shagon intanet a Ingila. Irin waɗannan zobba farashinsu yana kaiwa daga dala 100 zuwa sama da 200, alhali safar da ake ɗaura musu 'yan daloli ce, don ba wata safa ta musamman ba ce. Masu nutso da yawa a duniya safar ma'aikata ta kamfanin Showa na Japan suke amfani da ita, lamba 660 ta PVC ko 720 ta naitiril. MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ba ta aiki a shagon, kati suke so, katina kuma ya ƙi wucewa har sai da na je banki da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, aka buɗe masa damar biya a ƙasashen waje. Na haɗa komai a oda ɗaya: zobba, sabbin robobin wuyan hannu biyu, gam ɗinsu, orin na ajiya, da ɗan giris na silikon. Kuɗin aikowa sau ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A wurin adireshi na sa lambar GhanaPostGPS ta gidanmu da lambar waya, don mai kawo kaya ba zai gane lungunmu na Nima da kwatance ba. Na kuma roƙi mai shagon ya rubuta a rasit, da kalmomi masu sauƙi, cewa zobban safar nutso ne, kada ya tsaya a lambar kaya kaɗai.

Wannan roƙon ya yi min rana. Bayan jira na ɗan lokaci kamfanin aikowa ya kira cewa kaya sun iso amma suna hannun kwastan a ɓangaren kaya na filin jirgin sama. Na tafi da Ghana Card, wadda lambarta ce ke zaman lambar haraji yanzu, da rasit a buge a takarda, da shaidar biya daga banki, da lambar bin sawun kaya. Tun daga ƙofa 'yan kamasho za su tare ka, kowa na cewa shi zai fitar maka yanzu-yanzu. Na gaishe su na wuce teburin kamfanin da ya kawo kayan. Aka yi zaman jira, sannan aka buɗe kwalin a gabana. Jami'in ya ɗauki zobe yana jujjuyawa, ya tambaya ko kayan inji ne. Na nuna masa rubutun rasit da wani ɗan bidiyo a waya na yadda ake sa safar, ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Abin da ya kamata ka sani game da lissafi shi ne, ana ɗora haraji a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin aikowa da inshora, a canjin da suke amfani da shi lokacin. Kuɗin fito na ECOWAS hawa biyar ne, kashi 0, 5, 10, 20 ko 35, ya danganta da rukunin da aka sa kayanka, sannan ga VAT kashi 15, ga harajin inshorar lafiya da na asusun ilimi kowanne kashi 2.5, ga wasu ƙanana, ga ladan kamfanin aikowa na cike takardu. Kada ka je da kuɗi daidai wa daida. Na biya, na karɓi rasit na hukuma, na fito da kwalin da bai fi girman burodi ba, aljihu kuwa ya san an taɓa shi.

Sauran kayan a nan gida na haɗa su. Na ɗauki zoben safa ɗaya a aljihu na bi shagunan kayan kariyar ma'aikata a Tema, ina gwadawa a bakin kowace safa. Abin nema shi ne doguwa, mai santsin baki, marar ɗinki a inda orin zai kwanta, kuma girmanta ya ɗara na hannunka da mataki ɗaya saboda ta ciki. Ta cikin kuwa, Yayata da ke sayar da gwanjo a kasuwar Kantamanto ita ta tono min safar ulu daga dilar kayan sanyi, tana min tsiya wai wa ya aike ni ƙasar ƙanƙara. Auduga ba ta da amfani a nan, in ta sha gumi sanyi take riƙewa. Na yi wa Baba zancen ko zan nemo ƙarin orin a Abossey Okai, tunda babu irin robar da babu a kasuwar kayan mota, ya ce a'a. Faɗi yana iya zuwa ɗaya kauri ya bambanta da ɗan abin da ido ba ya gani, kuma wannan ɗan abin shi ne tsakanin bushewa da jiƙewa.

Ranar haɗawa muka fara da canza robobi. Baba ya ɓare tsofaffin, ya goge wurin, ya cusa kwalba a hannun rigar don ya tsaya a buɗe, ya shafa gam hawa-hawa yana barin kowanne ya sha iska, ya ɗora sabuwar, ya ce kada a taɓa sai ta kwana ta wuni. Da na dawo muka ɗame zobban riga a kan lateks, muka naɗe bakin safa a kan nata zoben, muna lura kada yadin cikin safar ya leƙo inda ake toshewa, don yadi yana jan ruwa. Daga nan ya kawo maganar da ta fi kowace muhimmanci, wato ko a bar robar wuyan hannu a ƙarƙashin safa ko a cire ta. Masu cirewa suna samun sakewa da ɗumi, amma ranar da ƙarfe ya huda safar, ruwa zai bi hannun riga ya cika ta. In an bar ta, tafin hannu kaɗai zai jiƙe. Ga mai aiki a gindin jirgi babu ma abin muhawara, barin ta ake yi. Sai dai barin ta yana kulle iska a cikin safa, kuma a zurfin mita 10 matsi ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, iskar ta tsuke zuwa rubu'inta, safar ta ɗame yatsu, ulun ya kwanta ya daina riƙe ɗumi. Maganin ɗan siririn bututu ne da ake zurawa ƙarƙashin robar, rabi a cikin riga rabi a cikin safa, iska ta riƙa kai da kawowa. Mu guntun robar ƙarin ruwa muka saya a kemis muka yanka.

Gwajin farko a bokiti aka yi, na biyu a tafkin ninƙaya na wani otal da muke haya in za a gwada kaya. Na sauka ƙasa, na dunƙule hannu na buɗe, na murɗa wuyan hannu ta kowace fuska, na ɗaure noti a kan ƙarfen da Baba ya jefo. Na fito ulu a bushe. Sai ya zare zare guda daga safar ulun, ya ɗora shi a kan orin da gangan, ya danna zoben ya ce in koma. Ban daɗe ba na ji sanyi na bin babban yatsana. "Ka gani ko, ɗana? Yawancin yoyon da ake zagin kamfani a kansa, gashi ne ko zare ko ƙwayar yashi." Tun ranar, kafin in danna zobe sai na bi orin da yatsa, na shafa masa giris kaɗan, ɗan abin da zai sa shi ƙyalli kawai, don in ya yi yawa yashi yake tarawa.

Gwajin teku mun dace da watan Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa a gaɓarmu har zafinsa ya sauko wajen digiri 21 ko 22. Bai kai na Cape Town ba, amma ya isa in koyi yadda ake ɗaga hannu sama a ƙasan ruwa don iskar riga ta hau cikin safa, da yadda safar ke kumbura in ka bar hannun a sama kana tasowa. Can kuma da muka je, na ga abokan horo da kusan kowane tsarin da na karanta, kuma waɗanda suka dace da rigarsu da hannunsu duk suna fitowa a bushe. Wanda ya fi shan wahala a cikinmu wani ne da zobensa ya yi wa hannunsa kaɗan, kullum sai ya rage kaurin ta ciki kafin ya iya shiga.

In za ka bi wannan hanyar, fara da kai rigar wurin wanda ya san ta, ya duba irin robar da lafiyarta, kafin ka buɗe kowane shago. Gwada girma da ainihin safar cikin da za ka yi aiki da ita. Ka ba kanka isasshen lokaci tsakanin oda da tafiya, domin banki da kwastan da bushewar gam kowanne yana cin nasa. Wani abu kuma da ya shafi masu aiki a tashar Tema da bakin tafkin Korle na Akra: busasshiyar safa a kan rigar yadi ba ta mayar da ita kayan shiga gurɓataccen ruwa. Wannan aikin yana da rigarsa ta roba zalla da hular ƙarfe da ke haɗe da ita, kada wani ɗan kwangila ya ga zobba a hannunka ya tura ka cikin ruwan masai ko na mai. In an dawo gida kuma rigar za ta daɗe a ajiye, a wanke da ruwan daɗi, a cire zobban daga kan lateks don kada su bar masa shaida, a barbaɗa hoda, a sa orin a leda mai rufewa, a nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi da duhu a gidan.